Daron Naman da Na Miƙa wa Yaya Habu

A watan nan Yaya Habu ya cika shekara goma sha biyar da rasuwa. Ban taɓa rubuta masa ko layi ɗaya a jarida ba, kuma da an ƙyale ni, bana ma ba zan rubuta ba. Kati ne ya tunzura ni. Makon jiya ɗan baffanmu Sunusi, wanda yanzu ba ya amsa kira sai an haɗa da Onarabul, ya aiko min da katin gayyata mai ruwan zinare, wai za a yi taron dashen bishiyoyi a Tarauni don tunawa da gwarzon muhalli, marigayi Malam Habu. An ware min kujera a sahun gaba a matsayina na ƙanwarsa. Na karanta katin sau biyu, na ɗora shi a kan firji, raina yana tafasa. Akwai abin da na sani tsakanin Sunusi da Yaya Habu. Shekara goma sha takwas ina danne shi a ciki, na bar wani bawan Allah yana yawo da laifin da ba nasa ba. In na je na zauna a kujerar nan, to na binne maganar ke nan.

Sunana Rabi. Aikin jinya na yi a asibitin koyarwa har na yi ritaya, kuma a Gyaɗi-Gyaɗi aka haife mu, ni da shi, a wani gidan ƙasa da ke bakin kududdufi. Yaya Habu ya girme ni da shekara bakwai. Malamin ilimin halittu ne a makarantar sakandare, dogo, siriri, mai tabarau mai kauri, mai taurin kai kamar ƙofar da ruwa ya kumbura. Ba zan yi muku ƙaryar da ake yi wa matattu ba: zama da shi akwai wuya. Ba ya barin magana ta wuce, ba ya iya yin shiru a inda shiru ya fi, kuma ko a wajen cin abinci sai ya koyar da kai.

In an dafa kaza a gidanmu, shi fiffike yake ɗauka. Sai ya siɗe shi tas, ya ɗora ƙashin a tafin hannunsa, ya naɗe hannun riga. "Ku duba nan. Ƙashi ɗaya a sama, biyu a ƙasa, sai ƙanana. Yanzu ku taɓa hannunku." Innarmu ta ce masa ya bar mutane su ci abinci cikin daɗin rai. Ni kuwa haushi nake ji, har ranar da na shiga makarantar jinya aka jera mana ƙasusuwan hannun mutum a kan tebur, na ga fiffiken kazar gidanmu kwance a gabana. Ban faɗa masa ba, don kada ya samu bakin magana.

Abin da yake koya wa ɗalibansa ke nan, kuma shi ya ja masa suna. Yana ce musu an daɗe ana rayuwa a bayan ƙasa kafin mutum ya zo, kifi da kwaɗo da tsuntsu duk sun riga mu, kuma jikinmu yana ɗauke da alamar dangantaka da su. Wani uba ya kai ƙara makaranta, wai ana koya wa ɗansa cewa biri ne kakansa. Kafin mako ya zagayo, unguwa ta raɗa masa Malam Biri. Mutumin da ba ya rasa sahun farko a masallaci, shi aka mayar abin nuni. Limamin unguwa ya kira shi suka zauna, ya saurare shi, ya sallame shi lafiya, amma sunan ya riga ya bi shi. Ni kaina har yau ban gama yarda da duk abin da yake faɗa ba. Na tsaya a kan Annabi Adamu, shi ma ya ce yana nan a kai. Abin da yake ƙarawa shi ne, mu ne auta a cikin halitta, an ba mu amanar gidan ne mu kula da shi, amma muka shigo muna korar waɗanda muka tarar a ciki. Wannan kam ban taɓa samun abin musa masa ba.

Wanda ya fi kowa yayata sunan Malam Biri shi ne Sunusi. A lokacin ɗan kamasho ne a tashar Unguwa Uku, bakinsa ya fi ƙarfinsa. In ya hango Yaya Habu a kan kekensa, sai ya sosa hammata yana tsalle, 'yan majalisa suna shewa. Wannan mutumin ne yau ya buga kati da ruwan zinare.

A bayan gidanmu, bakin kududdufin, akwai wani tsohon rimi. A kansa ungulaye suke kwana, a kansa suke sheƙa. Muna yara ba ma ko kallonsu, don sun yi yawa: suna kan katanga, suna kan juji, suna bakin mayanka suna jiran rabonsu. Kowa yana ƙyamar su. Yaya Habu kaɗai yake cewa su ne ma'aikatan tsaftar da ba sa yajin aiki, cikinsu yana narkar da cutar da za ta kashe unguwa guda. Da ya ga sun fara raguwa, sai ya ɓullo da wata al'ada. Duk ranar Babbar Sallah, bayan an gama fiɗa, sai a bi gidajen maƙwabta a tattaro abin da ba a so, guntayen hanji da jijiya da tarkacen tumbi, a zuba a babban daro, shi kuma ya kai gindin rimin ya watsa. Yana kiran abin rabon ungulu. Da farko mutane dariya suka yi, daga baya suka ga ya rage musu wari a ƙofar gida, sai suka riƙa ajiye masa. Tsuntsayen suka saba da shi. Wani in ya doso sai su tashi, amma shi suna sauka har kusa da ƙafarsa.

Mutum ɗaya ne ya ɗauki abin da gaske tare da shi: Malam Ado mahauci. Shi yake fiɗar ragunan rabin layinmu, don haka daronsa ya fi na kowa cika. Bai yi boko ba, bai san komai a kan ƙashin fiffike ba, amma ya tashi a mayanka tare da ungulaye, yana cewa ranar da babu su sana'arsa za ta yi ɗoyi. Su biyun sukan tsaya a inuwa suna kallon tsuntsayen suna ci, suna gardama a kan wacce ta fi tsufa. A duk Gyaɗi-Gyaɗi ban san Yaya Habu da wani aboki ba sai shi.

Sai sojoji suka koma bariki, mulki ya dawo hannun farar hula. Mun yi murna, ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Amma tare da fastoci da gangami sai wata kasuwa ta buɗe. Duk wanda ya iya ɗaura babbar riga ya zama ɗan takara, kowane ɗan takara kuma yana da ɗan tsibbunsa a gefe. Aka ce kan ungulu yana sa farin jini, yana sa a hango makircin abokin hamayya tun daga nesa. Tsuntsuwar da aka raina tun kaka da kakanni ta wayi gari ana nemanta ruwa a jallo. Sau biyu wasu baƙin fuska suna zuwa neman izinin hawa rimin, sau biyu Yaya Habu yana korar su da kujerar zama a hannu. Sunusi ya nemi kansila a karon farko ya sha ƙasa. Da zaɓe na biyu ya matso, sai ya sauya. Ya daina sosa hammata, ya fara zuwa gaida Inna, yana durƙusawa yana cewa Yaya Malam.

Babbar Sallar shekarar ta faɗo gab da zaɓe. Ni nake bin gidajen mata ina karɓar rabon ungulu, don na fi saurin shiga. Da na je gidan Baffa, sai Sunusi da kansa ya fito da daro a rufe da faifai. Ya ce, "Yaya Rabi, ga namu. Ki ce wa Yaya Malam a yafi juna." Na buɗe, na ga ba tarkace ba ne, jan nama ne mai kyau an yayyanka ƙanana. Wani wari ya bugi hancina, kamar tafarnuwa da kananzir. Na san warin nan. Na sha jin sa a bakin waɗanda ake kawo mana asibiti sun sha maganin ƙwarin gona. Na tsaya, na sake shaƙa, sai na ce wa kaina ai gidan Baffa suna ajiye kayan feshi a zaure, daron ne ya ɗauka. Daɗin sulhun ya rufe min ido. Na kawo, na juye shi a babban daro tare da na sauran gidaje, na cakuɗa da hannuna, na miƙa wa Yaya Habu.

Bayan azahar ne, da sauran zafin rana. Ya watsa, suka sauko kamar yadda suka saba, goma sha ɗaya. Ba a daɗe ba ta farko ta fara tangaɗi, ta buɗe fukafukai ta kasa tashi, yawu yana zuba daga bakinta. Sai ta biyu. Yaya Habu ya yar da daron yana kora su da riga, yana ihu su tashi, amma sun saba da shi, ba su ga dalilin gudu ba. Ya durƙusa ya rungumi ɗaya, tabaransa ya faɗi a ƙasa, ya juyo yana ce min, "Rabi, ba ku da allurar wannan? Ku da kuke asibiti?" Muna da ita, amma tana asibiti, kuma ta mutane ce. Muna cikin haka wasu ƙarti uku suka ɓullo daga bayan kango da buhuna, suka tsince tsuntsayen, har wadda ke hannunsa suka fizge. Shi bai ga fuskarsu ba, don ba tabarau. Ni na gani. Ɗaya daga cikinsu shi yake tuƙa motar kamfen ɗin Sunusi.

Da yamma na faɗa wa Inna komai. Ta kama hannuna ta ce, "Rabi, don girman Allah ki rufa min asiri. Kin san halin yayanki, har kotu zai je. Kada ki raba min zumunci a kan abin da ke cin mushe." Na yi mata alkawari. Ina iya ɗora wa Inna laifin, ta rasu ba za ta musa ba, amma ƙarya zan yi. Na yi shiru ne don in na ambaci daron Sunusi, dole in ambaci warin da na ji, dole in ce ni ma'aikaciyar jinya na shaƙi guba na cakuɗa ta da hannuna. Kaina na rufa wa asiri.

Unguwa kuwa ba ta zama babu mai laifi. Kafin a gama cin naman Sallah an yanke hukunci: Malam Ado ne. Daronsa ya fi girma, mahauci ne, kuma an san 'yan tsibbu wajen mahauta suke fara tambaya. Waɗanda suka yi shekaru suna kiran yayana biri, su ne suka riƙa zuwa suna masa jaje suna raɗa masa sunan abokinsa. Ya yarda. Mutumin da ke koya wa yara kada su karɓi magana sai da hujja, ya karɓi tsegumin majalisa ya haɗiye. Wannan har yau ina jin haushinsa a kai. Malam Ado ya zo har zaure ya rantse, Yaya Habu ya tashi ya shige gida ya bar shi a tsaye. Gidaje suka daina kiransa fiɗa, wai mai sa guba a nama ba abin yarda ba ne. Bai shekara ba ya tattara iyalinsa ya koma Darmanawa. Sunusi ya ci zaɓe.

Yaya Habu ya yi shekara uku bayan nan. Bai ƙara taka gindin rimin ba, bai ƙara ɗaukar fiffiken kaza ba. Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, a ɗakin da nake aiki aka ba shi gado. Wata rana da hantsi ina gyara masa ƙarin ruwa, sai ya riƙe min hannu ya ce, "Rabi, ke kika karɓo darukan nan. Ba ki ga komai a na kowa ba?" Na dubi robar ruwan, na ce, "Ban ga komai ba, Yaya." Ya ce, "To shi ke nan, Ado ne." Ya saki hannuna. Bayan kwana tara aka kai shi maƙabartar Tarauni. An ce min Malam Ado ya je jana'izar, ya tsaya a sahun ƙarshe, bai yi wa kowa gaisuwa ba ya tafi.

Nakan tambayi kaina me zai ce in ya leƙo Gyaɗi-Gyaɗi yau. An sare rimin, an cike kududdufin da shara aka dasa shaguna a kai, gabansu 'yan adaidaita sahu sun yi tasha. Kwaɗin da ke hana mu barci da damina sun yi tsit. Shamuwa da muke jira ta faɗa mana ruwa ya kusa, na manta rabon da in ganta. Kare ya mutu a kwalbatin layinmu bara, ya yi mako yana ruɓewa, ƙudaje suna tashi daga kansa suna sauka a kan tiren mai awara, kowa yana toshe hanci yana zagin gwamnati. Da can kafin la'asar ungulaye sun share shi. Jikata ta tambaye ni ko ungulu irin jimina ce, don a gidan zu kaɗai ta taɓa ganin ta, a cikin keji. Ina jin ba zai yi mamaki ba. Zai ce ai ya faɗa, kuma zai faɗe shi da muryar nan tasa mai sa mutum ya ji kamar ya jefe shi da takalmi. Mun ƙaru, mun cika ko'ina, abin da ya rage tare da mu sai ɓera da sauro da kyankyaso, waɗanda suka iya zama da ƙazantarmu.

Kada mai karatu ya gyara zama ya ce ai Sunusi ne mugu. Sunusi ya kashe goma sha ɗaya. Sauran fa? Wa ya sayi fegi a kan kududdufi? Wa ya ce rimi matattarar aljanu ne a sare shi? Wa ya yi dariya ranar da malami ya durƙusa yana kuka a kan tsuntsu? Na san ku, tare muka yi layin zaɓe, kuma da yawanku za ku je taron nan ku sha lemo ku tafa.

Shekaranjiya Sunusi ya zo da kansa jin ko na ga kati. Ya yi ƙiba, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Ya ce za a dasa bishiya ɗari, irin dogayen nan sirara da ake jerawa a gaban gidajen masu hali, marasa inuwa, marasa reshen da tsuntsu zai sauka. Na bar shi ya gama, sannan na ce, "Sunusi, me ka zuba a naman nan?" Ya dubi ƙofa, sai ya yi 'yar dariya. "Haba Yaya Rabi. Shekara nawa? A kan ungulu?" Na ce masa ba zan zo ba, kuma zan rubuta. Ya miƙe yana gyara hula ya ce, "To ki rubuta har da wadda ta kai daron." Na ce da ita zan fara. Ban raka shi ko ƙofar ɗaki ba.

Jiya da safe na hau adaidaita na tafi Darmanawa. Sai da na yi tambaya sau uku kafin a nuna min gidan. Malam Ado ya tsufa ƙwarai, idonsa ɗaya ya yi fari, yana zaune a kan tabarma a zaure. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi sunana, ya ce ya gane muryar. Na faɗa masa komai, daga faifan da aka rufe daron har zuwa abin da na ce a bakin gadon asibiti. Bai katse ni ba. Ban yi kuka ba, don na ga ba ni da hakkin yi a gabansa.

Masu irin wannan rubutu sukan rufe da lissafa abin da mamaci ya bari. Na duba, ban samu da yawa ba. Bishiyarsa ta tafi, tsuntsayensa sun tafi, littattafansa gara ta cinye. Akwai ɗalibansa, wasu likitoci ne yanzu, sukan tare ni su ce shi ya fara sa su kallon halitta da mutunci, kuma na yarda wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gaskiyarsa ma tana nan, kullum unguwa tana ƙara tabbatar da ita da wari. Amma abin da ya bari mafi nauyi shi ne ƙiyayyar da ya tafi da ita a kan mutumin da bai yi masa komai ba, kuma ni na ɗora masa ita. Allah Ya gafarta masa, don bisa ƙaryata ya yi hukunci.

Da na gama, Malam Ado ya daɗe yana murza gefen tabarma. Sannan ya ce, "Hajiya, fiɗar da na rasa da gidan da na bari, na yafe miki, duniya ce. Amma Malam ya kwanta yana ganin ni na ci amanarsa. Kwana tara kina shiga kina fita a kansa." Na ce haka ne, Baba. Ya juya fuskarsa wajen bango ya ce, "To ni me zan yi da wannan gaskiyar yanzu? Shi ya kamata ya ji." Na ɗauki takalmina na fito.